Yadda na bi layin neman lasisin binciken zinare da tagulla, tun daga ledar burodi har zuwa takardar leb

Ni ba ɗan haƙar ma'adinai ba ne tun asali, injin ban ruwa da janareta nake sayarwa, sai dai da yawa daga cikin kwastomomina 'yan haƙar gwal ne, su ke sayen famfo da tiyo, don haka kullum kunnena yana cikin labarinsu. Bayan kakar 2024 kawuna ya shigo shago da wani dutse a ledar burodi, ya jira har mutane suka watse sannan ya ɗora shi kan kanta ya ce "ɗan nan, duba min wannan, kai ka san mutanen nan". Farin dutse ne mai ƙarfi, gefe guda ya yi kore shar kamar tsatsar tsohon kwabo, ga kuma wasu 'yan ɗigo-ɗigo rawaya suna ƙyalli a ciki. Ya ce a kwazazzabon bayan gonarsa ruwa ya tono shi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, kun san dalili, amma yana cikin layin duwatsun nan na arewa maso yamma da aka san su da zinare, waɗanda suka bi ta Anka da Maru da Zuru da Yawuri da Birnin Gwari. Daren nan wallahi ban yi barcin kirki ba, na riga na sayi mota a zuciyata.

Kuskuren farko tun a makon farko na yi shi. Wani dillali da ke yawan zama bakin shagona ya ce ya san mutane a Abuja, in ba shi dubu 350 wata ɗaya ya fito min da takardar lasisi. Na ba shi. Bai tambaye ni kamfani ba, bai tambayi inda wurin yake a taswira ba, sunan ƙauye kawai ya rubuta a bayan kwalin magani, kuma da ina da wayo a nan ya kamata in gane. Wata biyu ina bin sa, yau oga ya yi tafiya gobe saura sa hannu ɗaya, daga ƙarshe wayar ma ta daina shiga. Wani kwastoma ne ya tausaya min ya haɗa ni da wani masanin duwatsu, jiyolojis, wanda kowa ke kira Injiniya. Shi ne ya zaunar da ni ya warware min abin. Ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa a Najeriya na gwamnatin tarayya ne, ko da a tsakar gidanka yake, haka tsarin mulki ya ce haka dokar ma'adinai ta 2007 ta ce, kuma ofis ɗaya ne tak yake ba da lasisi, ofishin kadasta, wato mai rajistar filayen ma'adinai, da ke Abuja, wanda ake kira MCO. Lasisin ma kala-kala ne. Akwai izinin leƙe na shekara ɗaya wanda tsintar dutse a sama kawai ya yarje maka, akwai lasisin bincike na shekara 3 da za a iya sabuntawa sau biyu shekara bibbiyu, akwai na ƙaramar haƙa na shekara 5, akwai babban na shekara 25. Na ce to ni na haƙa nake so. Ya yi dariya ya ce "Alhaji me za ka haƙa? dutse ɗaya ka gani a leda". Ya ce na bincike za mu nema, kuma in sani tun yanzu shi wannan bai ba ka damar haƙa ka sayar ba, damar nema kawai ya ba ka da ɗibar samfur.

Kafin a taɓa ko takarda ɗaya ya ce sai ya taka wurin da ƙafarsa. Muka tafi da asuba, mota zuwa inda hanya ta ƙare sannan mashin kusan awa guda. A kwazazzabon muka tarar ashe ba mu kaɗai muka sani ba, akwai wani dattijo da yaransa biyu suna wankin ƙasa a can ƙasa, ya ce daga wajen Anka ya taso tun da aka hana haƙa a Zamfara a 2019. Na miƙa masa dutsen kawu ina jiran ya yi kabbara. Ya juya shi a hannu, ya sa bakin wuƙa ya kankare ɗigon rawayan nan, sai ya farfashe ya zama baƙin gari a tafin hannunsa. Ya ce "yaro, zinare ba ya fashewa, lanƙwasa yake kamar dalma, wannan mai ƙyallin yaudarar baƙo ce". Sannan ya ɗebi ƙasa daga gindin wani dutse a kwanon wanki, ya tsuguna bakin ruwa yana juyawa yana zubarwa, a hankali, har ya rage baƙin yashi kamar cokali guda, ya karkata kwanon ya nuna min da farce, wasu ƙwayoyi uku ƙanana da ba su kai ƙwayar gero ba, ba ƙyalli suke ba, launinsu kawai ya ƙi canzawa ko an kare rana da hannu. Ya ce ga shi nan. Shi kuwa Injiniya koren ne ya ɗauke masa hankali, ya ce wannan alamar tagulla ce da ruwa da iska suka cinye, malakayit suke ce masa, rawayan kuma wani kalkofirayit ne mai tagulla wani kuma firayit ne kawai, mai ƙyallin nan da ake ɗauka zinare ne. Ya bi layin farin dutsen yana danna GPS yana rubutu, ya auna inda ya dosa da kamfas, muka dawo.

Mataki na farko a takarda shi ne kamfani. Ina da rajistar sunan kasuwanci ta shago, na ɗauka ta isa, ashe ba ta isa ba, lasisin bincike sai kamfani mai cikakkiyar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko ƙungiyar haɗin gwiwa ta mahaƙa. Na samu lauya ya yi min, kuma a nan ku kula, a cikin ayyukan da aka rubuta kamfanin zai yi dole a saka bincike da haƙar ma'adinai ɓaro-ɓaro. Wannan bai ba ni wahala ba, ƙasa da mako uku, sai buɗe asusun banki da sunan kamfanin da lambar haraji.

Inda na sha mamaki shi ne ranar da muka zauna gaban kwamfuta muka buɗe taswirar kadasta. Tun ƙarshen 2022 aka mayar da neman lasisi ta intanet, eMC+ suke kiran manhajar, kuma kana iya ganin inda aka riga aka kama. Duk ƙasar an yanka ta gida-gida kamar dara, kowane gida sakan 15 a tsaye sakan 15 a kwance a ma'aunin taswira, wato ɗan sama da mita 450 kowane gefe, hekta 20 da ɗoriya. Ba ka cewa ina son gonar kawuna, gidaje kake zaɓa. Da Injiniya ya zuba lambobin GPS ɗinsa sai ga shi rabin kwazazzabon, ɓangaren arewa inda dattijon nan yake wanki, yana cikin lasisin wani kamfani da ko kawu ko dagaci ba su taɓa jin sunansa ba. Jikina ya yi sanyi. Dokar wurin ita ce wanda ya riga shigar da takarda shi ke da wuri, ba wanda ya riga ganin dutse ba, kuma wata biyun da na ɓata wajen dillali da wani ya shigar da kudancin ma shike nan. Sa'ar da muka yi layin dutsen kudu ya nufa, can kuma babu kowa. Ni da zari na ce mu kama gida 100 tunda kuɗin nema ɗaya ne, domin bayan ƙarin da minista Dele Alake ya sanar a Yulin 2024 naira dubu 600 ake biya na gida ɗari na farko. Injiniya ya ce kuɗin nema sau ɗaya ne amma kuɗin shekara a kan kowane gida ake lissafa shi kuma kowace shekara ne, ya tuna min lasisi 1,633 da aka soke a Nuwamban 2023 saboda rashin biyan wannan kuɗin. Muka tsaya a gida 30, dogo siriri, bin layin dutsen.

Sai takardar amincewar masu ƙasa, wadda ita ce ta fi komai cin lokaci da takalmi. Ma'adini na tarayya ne amma saman ƙasa na masu gona ne, sai sun yarda a rubuce. Kawu ya kai ni wurin dagaci, dagaci ya ce shi ba zai sa hannu ba sai hakimi ya sani, muka je fadar hakimi ranar kasuwa muka zauna a zaure tun hantsi har bayan azahar. Da aka shigar da mu na zube na yi gaisuwa, na ce ranka ya daɗe bincike kawai za mu yi ba haƙa ba. Ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce "duk wanda ya zo haka yake cewa, daga baya mu a bar mu da ramuka shanu na faɗawa". Ya ce a tara masu gonakin da abin ya shafa gabansa, ba zai sa hannu a kan gonar wani ba. Mutum goma sha ɗaya ne, biyu suna ci-rani, ɗaya gonar gado ce ba a raba ba sai da aka nemo 'yan uwa har da wata gwaggo da ke aure a wani gari. Sau huɗu na koma. Muka rubuta cewa duk ramin da muka tona za mu mayar da ƙasa, abin da aka ɓata na shuka za a biya, leburori kuma daga ƙauyen za a ɗauka. Shawara a nan, kafin ka tunkari kowane basarake ka fara leƙa ma'aikatar da ke kula da ma'adinai ta jiharka ka ji tsarinsu, domin jihohi sun bambanta, a Zamfara ma gwamnati ta hana sarakuna ba da irin wannan takarda.

Sauran takardun ba su da wuya in kana da mai ja maka gora. Takardun CAC, shaidar banki cewa kamfani yana da abin yin aikin, rantsuwa cewa daraktoci ba a taɓa ɗaure su kan laifi ba, tsarin aikin da za a yi shekara-shekara, da takardun jiyolojis mai rajista da COMEG, wato majalisar da ke yi wa injiniyoyin ma'adinai da masana duwatsu rajista, da shaidar cewa ya yarda zai yi aiki da kamfanin. Muka ɗora komai, na ciro lambar Remita na biya a banki, na riƙe rasit kamar takardar gida. Bayan kwanaki aka dawo mana da shi, kuma laifina ne ɗari bisa ɗari, takardar amincewar da na sha wahala a kanta da sunana aka rubuta ta ba sunan kamfani ba, kuma ba a saka lambobin kusurwoyin filin a jikinta ba. Na so in yi kuka a gaban kwamfutar nan. Haka na sake komawa ƙauye da sabuwar takarda, na sake bin mutum goma sha ɗaya da tawadar dangwale, gwaggon nan har ta ce "wai kai zinaren ne ba ka samu ba ko yatsunmu kake tarawa". Daga nan sai jira, kullum in buɗe waya in duba, har ranar da saƙo ya shigo cewa an amince, in biya kuɗin shekarar farko. Na biya washegari, na hau motar Abuja na karɓo satifiket. A tasha na buɗe jaka na leƙa shi ya fi sau biyar. Daga ranar da kawu ya kawo dutse zuwa ranar wata bakwai ne, kuma fiye da rabinsu ni na ɓata su da hannuna.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu za a fara kashe kuɗi. Mun fara kai kwafin lasisi ofishin jami'in ma'adinai na tarayya da ke jihar, da ƙaramar hukuma, da jami'an tsaro na yankin, domin tun 2024 akwai dakarun ma'adinai na sibil difens da ke kamen masu haƙa ba izini, kuma daga nesa mai lasisi da mara lasisi duk mutane ne da diga a daji. Batun tsaro kam ba sai na faɗa ba, ba mu taɓa kwana a fili ba, la'asar ta yi mun bar wurin, akwai makonni biyu da dagaci ya aiko cewa kada mu zo, ba mu tambayi dalili ba muka zauna. Injiniya ya sayo taswirar duwatsu da bayanan maganaɗisu na yankin daga hukumar binciken ƙasa NGSA, waɗanda aka ɗauka da jirgin sama shekarun baya, ya nuna min wani dogon layi da ya ratsa filinmu ya ce tsagewar ƙasa ce, ta nan ruwan zafi ya biyo tun fil azal ya bar farin dutse da abin da ke cikinsa. Damina ta riga ta shigo, shuka ta rufe gonaki, dole muka jira aka yi girbi.

Aikin fili na farko ɗibar ƙasa ne, kuma babu abin da ya kai shi gundura. An ja layuka a tsallake layin dutsen, mita 100 tsakanin layi da layi, kowace mita 50 a tona rami zuwa gwiwar hannu a wuce baƙar ƙasar sama a ɗebi jar ta ƙasa a leda, a rubuta lamba a ciki da waje. Leda 240 muka tara. Yaran ƙauye suna mana dariya wai Alhaji ya zo sayen ƙasa. Injiniya ya yi hayar wata na'ura mai kama da bindigar fenti, XRF, ana ɗora ta kan leda ta karanto tagulla da dalma nan take, amma ya gargaɗe ni cewa kada in yarda da duk wanda ya ce min wannan na'urar ta nuna masa zinare a ƙasa, zinaren da ake nema ya yi ƙanƙanta da idonta. Inda tagullar ta taru a taswira nan muka tona ramuka huɗu dogaye kamar na fandisho, a gicciye, har aka taɓa dutse. A nan muka yi faɗa da shi sosai. Ni ina tsinto koraye masu kyau ina cewa a kai waɗannan leb, wato ɗakin gwaji, shi kuma ya sa a sassaƙi bango da kurfi da guduma a jere, mita ɗaya leda ɗaya, mai kyau da mara kyau duk a haɗe. Ya ce "Alhaji in ka zaɓi mai kyau ka kai, kanka ka yaudara da kuɗinka, katafila ba ta zaɓe in ta zo haƙa". Don in huta ya bar ni na saka zaɓaɓɓuna guda biyar daban. Ya kuma cusa wasu ledoji na farin yashi da babu komai a ciki, da wasu da ya raba samfur ɗaya gida biyu da lamba daban, wai don a gwada leb ɗin shi kansa.

A rami na uku ne muka ci karo da wani dutse mai nauyi launin toka yana ƙyalli kamar tozali, dalma ke nan. Nan take ya hana kowa ɗaukar dutse zuwa gida, ya sa a riƙa wanke hannu kafin cin abinci. Duk wanda ya san abin da ya faru a Bagega da Dareta da 'Yargalma na Zamfara a 2010, inda ƙurar niƙan irin wannan dutsen a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400, ba zai yi gardama ba. Na je da kaina na gaya wa kawu ya fitar da buhun da na san ya ɓoye a ɗakin hatsi.

Leb kuɗinsa kan kowane samfur ne, zinare daban tagulla daban. Na zinare narkawa ake yi a wuta, gram 30 ko 50 daga garin da aka niƙa, na tagulla kuma a ruwan asid. Akwai leb ɗin NGSA a Kaduna akwai masu zaman kansu, in kuma waje za ka tura sai ka nemi izinin fitar da samfur daga ma'aikata, mu dai a gida muka yi. Kuɗin gwajin nan kaɗai ya fi duk abin da na biya na lasisi, ban da leburori da mai da hayar na'ura da haƙƙin Injiniya. Mako biyar muka jira. Ranar da takardar ta zo a shago na buɗe ta, idona ya faɗa kan zaɓaɓɓuna, ɗaya ya ba da tagulla kashi 6 cikin ɗari, wani zinare gram 11 a tan, na miƙe tsaye ina kiran yaron shago ya zo ya gani. Injiniya a waya ya ce in sauko ƙasa in karanta na bango. Rami biyu babu komai. Ɗaya ya ba da zinare gram 1.3 a tan a faɗin mita 3, ɗayan gram 2 a tan a faɗin mita ɗaya da rabi, tagulla kuwa duk ba ta kai rabin kashi ɗaya ba. Samfurin da aka raba biyu ma rabi ya ba da kusan ninkin ɗaya rabin, ya ce haka zinare mai ƙwaya yake, ƙwaya ɗaya ta faɗa wannan cokalin ba ta faɗa wancan ba. Na ce to koren nan fa da ya cika ido? Ya ce tagulla kaɗan ce take rina dutse mai yawa, kamar shuɗi a ruwan wanki. Ya ƙara da cewa ƙarancin kashi ba shi ne matsalar ba, manyan mahaƙan Chile da yawa ƙasa da kashi ɗaya suke haƙa amma dutsensu tsauni guda ne, mahaƙar Segilola ta Osun kuma da ta fara fitar da zinare a 2021 wajen gram 4 a tan take amma sai da aka yi shekaru ana huda ƙasa kafin a tabbatar. Namu siriri ne, kuma babu wanda ya san ko ya yi zurfi.

Da zan sake daga farko, ranar da aka kawo min dutse jiyolojis zan nema ba mai cewa ya san mutane ba, a ɗauko lambobin GPS a duba kadasta kafin ko goro in kai wa wani. Zan buɗe kamfani kafin in je wurin masu gona don takarda ta fito da sunan da ya dace sau ɗaya. Zan kuma ware kuɗin fili da leb ninki uku na kuɗin takarda, domin mutane da yawa da na sani a kan satifiket kuɗinsu ya ƙare, suka rataye shi a falo suna jiran Bature ko ɗan Chana ya zo ya saya, alhali mai saye sakamakon leb yake tambaya da taswirar inda aka ɗebo kowane samfur. Rahoton aiki ma da ake miƙa wa hukuma lokaci-lokaci ka riƙa yi, shi ke nuna ba ajiye filin ka yi ba.

Mun mayar da ƙasa a ramuka uku kamar yadda muka yi wa hakimi alkawari, na huɗun mun kewaye shi da ƙaya. Abin da ya rage shi ne wani gwaji da ake shimfiɗa waya a ƙasa a tura lantarki don a ga ko dutsen mai tagulla ya ci gaba a ƙarƙashi, in ya nuna wani abu sai maganar huda, wadda da mita ake biya kuma da dala ake lissafi, wannan kam ya fi ƙarfin mai shagon famfo sai da abokin tarayya. Kuɗin shekara ta biyu na nan tafe. Dutsen kawu yana nan kan kanta ina danne rasit da shi, shekaranjiya ma wani kwastoma ya ɗauka ya jujjuya ya rage murya ya tambaye ni a ina aka samo.